Yadda mai jifa a wasan besbol zai kare hannunsa, da abin yi idan jijiyar gwiwa ta tsinke

A kakar 1966 Sandy Koufax na ƙungiyar Los Angeles Dodgers ya ci wasa 27, babu mai jifan da ya kama ƙafarsa a Amurka a shekarar. A watan Nuwamba sai ya tara 'yan jarida ya ce ya ajiye ƙwallo, yana da shekara 30. Amosanin gaɓa ya cinye masa gwiwar hannun hagu, har ya kai ga ba ya iya wasa sai da allurar kashe kumburi, yana gamawa kuma a tsoma hannun cikin ƙanƙara. Bayan shekara takwas wani bahagon na wannan ƙungiya, Tommy John, ya tsinka jijiyar gwiwa. Likitan ƙungiyar, Frank Jobe, ya yi masa tiyatar da ba a taɓa gwadawa a kan mai jifa ba a ranar 25 ga Satumba 1974. John ya dawo a 1976, bai bar wasa ba sai 1989, kuma 164 daga cikin wasanni 288 da ya ci bayan tiyatar ne. Tun daga nan mutane da yawa suka ɗauka an gama da matsalar hannu, wanda ya lalace a kai shi a gyara. Ba haka abin yake ba. Mafi yawan aikin kare hannu ana yin sa ne tun ciwo bai zo ba, kuma aiki ne na ƙirge da haƙuri.

Abin da jifa ke yi wa hannu

Mai jifa yana tsayawa a kan tudu mai tsayin inci 10, tsakaninsa da mai bugu ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18 da ɗoriya. Ƙwallon ba ta wuce giram 149 ba. Nauyinta ba shi ne matsala ba, saurin ne. A babbar gasar Amurka, MLB, matsakaicin jifa mai gudu ya kai wajen mil 94 a awa, kimanin kilomita 151.

Wurin da ɓarna ke faruwa shi ne lokacin da ƙafar gaba ta sauka, ƙirji ya juyo yana fuskantar mai bugu, hannu kuma ya rage a baya kamar an ɗana baka. A wannan ƙiftawar ido gefen gwiwa na ciki yana son ya buɗe. Abin da ke riƙe shi wata 'yar gajeriyar jijiya ce mai haɗa ƙashin damtse da ƙashin sangalin hannu, likitoci suna kiranta UCL. Masu auna motsin jiki a cibiyar ASMI da ke Birmingham ta jihar Alabama sun auna ƙarfin da ke murɗa gwiwa a lokacin, ya kai wajen nuton-mita 64, kuma jijiyar ce ke ɗaukar kusan rabinsa. Da aka gwada irin wannan jijiya a ɗakin bincike, dab da wannan rabin take tsinkewa. Ke nan duk jifan da aka yi da cikakken ƙarfi yana kai ta bakin iyakarta. Abin da ke hana ta tsinkewa kullum shi ne tsokokin sangalin hannu, masu lanƙwasa wuyan hannu da yatsu, su ne ke rage mata kaya. Da zarar sun gaji, kayan ya koma kan jijiya. Ita kuwa jini kaɗan ke ratsa ta, ba ta farfaɗowa da wuri kamar tsoka. Shi ya sa jifan da aka ji ƙas a cikinsa yawanci shi ne na ƙarshe a jerin dubbai da suka riga suka ɗaɗɗaye ta.

Kafaɗa kuma tata wahalar bayan sakin ƙwallo take zuwa. Hannu yana juyawa da saurin da ya kai digiri 7,000 a daƙiƙa ɗaya, sai ƙananan tsokoki huɗu da suka kewaye kan ƙashin damtse su ja masa birki. Su da guringuntsin da ya zagaye bakin gurbin kafaɗa ne ke yagewa.

Ƙirga jifa, ƙirga hutu

Abu na farko, a samu mutum ɗaya da aikinsa a ranar wasa shi ne ƙirga jifa, da ɗan injin ƙirge ko biro da takarda. Kada a bar wa koci, hankalinsa yana kan ci. Kada kuma a tambayi mai jifan ko ya gaji, domin ba a taɓa jin wanda ya amsa da e ba.

Ga yara da matasa akwai ƙa'idar da MLB da hukumar USA Baseball suka fitar a 2014 mai suna Pitch Smart. Iyakar jifa a rana ɗaya ita ce 50 ga ɗan shekara 7 zuwa 8, 75 ga ɗan 9 zuwa 10, 85 ga ɗan 11 zuwa 12, 95 ga ɗan 13 zuwa 16, 105 ga ɗan 17 zuwa 18, sai 120 ga ɗan 19 zuwa 22. Amma hutun da ke biyo baya ya fi iyakar muhimmanci, kuma shi aka fi takewa. Yaron da bai wuce 14 ba, idan ya yi jifa 21 zuwa 35 ya huta kwana ɗaya, 36 zuwa 50 kwana biyu, 51 zuwa 65 kwana uku, daga 66 zuwa sama kwana huɗu cur. Ɗan 17 ko 18 da ya wuce jifa 80 shi ma kwana huɗu ne. Ba a jifa kwana uku a jere ko da kaɗan-kaɗan ne. Wanda aka sauke daga tudu kada a mayar da shi ya tsuguna a matsayin mai cafke ƙwallo a bayan mai bugu, domin shi ma jifa yake yi bayan kowace ƙwallo, sai dai ba mai ƙirga masa.

A shekara kuma, a bar gasa na aƙalla wata huɗu, biyu ko uku daga ciki a jere ba tare da ɗaga hannu an jefa komai ba. Binciken ASMI da ya bi yara tsawon shekara goma ya gano cewa wanda ke jifa fiye da zango 100 a shekara (wasan manya zango tara ne) ya fi sauran shiga haɗarin mummunan rauni sau uku da rabi. Wani binciken nasu na 2006 ya nuna matasan da suka saba jifa da gajiyayyen hannu sun fi sauran kaiwa ga tiyata sau 36. Babu wani dalili da ya zo ko kusa da wannan. Inda ake samun ɓaraka shi ne yaro mai wasa wa ƙungiya biyu ko uku a lokaci guda, kowane koci yana bin ƙa'ida a littafinsa, hannun kuwa ɗaya ne. Mafita ita ce littafi ɗaya a hannun iyaye, a rubuta kwanan wata da adadin jifa da yadda hannu ya kwana, a nuna wa kowane koci kafin wasa.

Ƙwararren da ke fara wasa a MLB yana jifa sau ɗaya a kwana biyar, ana kuma sauke shi a wajen jifa 100. Washegari gudu ne da jifa mai taushi. Kwana na biyu ko na uku ya hau tudun atisaye ya yi 25 zuwa 40 ba da cikakken ƙarfi ba. Kwana na huɗu ya sassauta. A Japan sau ɗaya a mako suke jifa, sai dai can wahalar a makarantar sakandare take: Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya mai zango 17 a gasar Koshien ta 1998. An yi masa tiyatar gwiwa a 2011.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne farkon kaka, sa'ad da hannun da ya huta ya koma aiki. A fara jifa a fili tun makonni shida zuwa takwas kafin hawa tudu. A wasannin share fage a fara da jifa wajen 30, a riƙa ƙara 15 a kowace fita har a kai 90. Wanda ya tsallake matakai don ya burge masu zaɓe a watan Maris, sau da yawa a watan Afrilu yana ɗakin hoto a asibiti.

Gina abin da ke riƙe hannu

Ƙarfin jifa daga ƙasa yake tasowa, ya bi ta ƙafa da ƙugu da gangar jiki kafin ya iso hannu. Idan ƙugu ya sandare ko ƙafar gaba ta kasa tokarewa, hannu ne zai biya bashin. Don haka tsugunno da nauyi, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da motsa ƙugu duk aikin kare gwiwar hannu ne.

Su kuwa tsokokin kafaɗa ƙanana ne, ba sa son nauyi. Rabin kilo zuwa kilo biyu ya isa, ko robar atisaye. Ka manna gwiwa a haƙarƙari da ɗan tawul a hammata, ka ja roba waje, sannan ciki. Ka kwanta rub da ciki a kan benci ka ɗaga hannu gefe, babban yatsa yana kallon sama, kana matse allon kafaɗa. Ka ɗora sangalin hannu a kan cinya ka riƙa lanƙwasa wuyan hannu sama da ƙasa, sannan ka riƙe guduma ta ƙarshen ƙota kana juya tafin hannu. Kowanne sau 10 zuwa 15, zagaye biyu ko uku, kwana uku a mako. Wannan shi ne ƙashin bayan tsarin motsi goma da likitan gashin ƙashi Kevin Wilk da abokan aikinsa suka shahara da shi. Idan ka ji babbar tsokar saman kafaɗa ko wuya ne ke aikin, nauyin ya yi yawa.

A farkon kaka likitan gashi ya auna iyakar juyawar kafaɗa ciki da waje, ya haɗa jimla, ya gwada da ta ɗaya hannun. Bambancin da ya wuce digiri 5 alama ce ta a tsaya a gyara. Miƙa hannu ta gaban ƙirji zuwa ɗaya kafaɗar na daƙiƙa 30, sau uku bayan jifa, yana hana bayan kafaɗa ƙanƙancewa. Kafin jifa kuma sai jiki ya yi ɗan gumi tukun, ba da ƙwallo ake ɗumama hannu ba.

Sai batun ƙwallaye masu nauyi da ake atisaye da su don ƙara gudu. Suna ƙarawa, babu musu. Amma wani ɓangare na ƙarin yana zuwa ne daga kafaɗa da ta ƙara lanƙwasuwa baya, wato daidai inda jijiyar gwiwa ke shan wuya. Yaron da ƙashinsa bai gama girma ba ba shi da hurumi a nan. Babba ma kada ya yi shi a tsakiyar kaka. Rahoton da MLB ta fitar a Disamba 2024 ya ɗora alhakin yawaitar raunin masu jifa a kan neman gudu da murɗa ƙwallo da jifa da iya ƙarfi a kowane lokaci. Magana ce mai ɗaci, domin gudun nan shi ke kawo kwantiragi. Abin da mai jifa ke da iko a kai shi ne kada ya yi kowane jifan atisaye kamar na gasar ƙarshe.

Alamomin da ba a jira da su

Gajiya tana bayyana a idon mai kallo kafin mai jifa ya yarda da ita. Gudu ya ragu da mil biyu ko uku. Ƙwallo ta fara tashi sama tana kauce wa inda aka nufa ta ɓangaren hannun jifa. Gwiwa ta sauko ƙasa da layin kafaɗa. Ya fara ɓata lokaci tsakanin jifa da jifa, yana karkaɗa hannu. Biyu daga cikin waɗannan sun isa a sauke shi, ko ƙirge bai cika ba.

Tsamin tsoka da ya watsu ko'ina ya kuma wuce cikin kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ciwon da za a iya nuna shi da yatsa ɗaya a cikin gwiwa, musamman lokacin da hannu ke baya. Haka ɗaurewar sangalin hannu da ta ƙi saki, wadda sau da yawa ita ce sallamar tsinkewar jijiya. Haka mutuwar ƙaramin yatsa da na kusa da shi, ko jin kamar ana tsira musu allura, alamar jijiyar ji da ke bi ta bayan gwiwa ta takura. Haka kasa miƙe gwiwa gaba ɗaya da safe. Ga yaro ɗan ƙasa da 14, ciwon cikin gwiwa yawanci mahaɗar girman ƙashi ce ke buɗewa, domin ta fi jijiyar rauni, kuma hutun makonni huɗu zuwa shida da hoton ƙashi yake buƙata. Hannun da ya kumbura, ya yi sanyi ko ya sauya launi kuwa maganar asibiti ce a ranar, domin yana iya zama gudan jini. J.R. Richard na Houston Astros ya yi ta kukan mutuwar hannu a 1980, a ƙarshen Yuli ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki, bai sake wasa a babbar gasa ba.

Kada a sha maganin kashe zafi don a samu a yi jifa. Zafin ne kaɗai ke gaya maka inda iyaka take.

Akwai kuma raunin da ba a hannu yake ba amma hannu yake kashewa. A wasan taurari na 1937 ƙwallon da Earl Averill ya buga ta karya wa Dizzy Dean yatsan ƙafa. Dean, wanda ya ci wasa 30 a 1934, ya dawo tun yatsan bai warke ba, ya sauya yadda yake sauke ƙafa don gudun zafi, hannun ya tafi. Mark Fidrych na Detroit Tigers ya ci wasa 19 a 1976, shekararsa ta farko. A 1977 ya ji ciwo a gwiwar ƙafa, ya dawo, ba da jimawa ba kafaɗa ta mutu. Wasansa na ƙarshe a babbar gasa a 1980 ne, kuma sai a 1985 aka gano tsokar kafaɗar a yage take. Dokar a nan ita ce ba a hawa tudu sai ƙafa da ƙugu da baya sun koma yadda suke, a kuma ɗauki bidiyon jifan a gwada da na kafin rauni.

Idan ta tsinke

A daina jifa nan take, a ga likitan ƙashi da ya saba da hannun 'yan wasa. Zai gwada buɗewar gwiwa da hannu, ya sa a yi hoton MRI, sau da yawa da allurar ruwan da ke fito da tsaga. A tuna cewa hoton gwiwar tsohon mai jifa ba ya fita fes ko da ba ya ciwo, don haka ba hoto kaɗai ake yi wa magani ba. A nemi ra'ayin likita na biyu. 'Yan wasan MLB suna da wannan haƙƙi a yarjejeniyar ƙungiyarsu ta ƙwadago.

Idan tsagewa ce ba tsinkewa ba, ana iya gwada hutun makonni shida zuwa wata uku da gashi, wani lokaci da allurar da ake tacewa daga jinin mutum. Masahiro Tanaka na New York Yankees ya bi wannan hanya a 2014 ya ci gaba da wasa shekaru ba tare da an sauya masa jijiya ba. Tsagar da ke sama kusa da ƙashin damtse ta fi warkewa a kan ta ƙasa. Idan jijiyar lafiyayya ce, ɓallewa kawai ta yi daga ƙashi, ana iya ɗinke ta a ƙarfafa da wani zare mai faɗi, a dawo cikin wata shida zuwa tara. Idan kuwa ta riga ta ɗaɗɗaye, sai tiyatar Tommy John: a huda ƙasusuwan biyu, a zura agarar da aka ciro daga wani wuri a ɗaure. Yawanci daga wuyan hannu ake cirowa. Ka haɗa babban yatsa da ƙarami ka ɗan lanƙwasa wuyan hannu, igiyar da ta taso a tsakiya ita ce. Wasu ba a haife su da ita ba, sai a ciro daga cinya.

Jinya ita ce ainihin aikin. Mako na farko zuwa kwana goma hannu yana ɗaure. Daga nan maɗauri mai ƙarfe da ake buɗe shi kaɗan-kaɗan har mako na shida, lokacin da ake son gwiwa ta miƙe ta kuma lanƙwashe sosai. Wata na biyu zuwa na huɗu na gina kafaɗa da sangalin hannu da ƙafafu ne. Jifa yana farawa a wata na huɗu ko na biyar, daga ƙafa 45, jifa 25 sau biyu, rana ɗaya a tsallake ɗaya, ƙwallo tana tafiya a lanƙwashe ba a miƙe ba. Sai ƙafa 60, 90, 120. Tudu a wajen wata na tara, da jifa miƙaƙƙe kawai a rabin ƙarfi, masu murɗiya su zo daga baya. Idan hannu ya yi ciwo fiye da awa ɗaya bayan jifa ko washegari, a huta kwana ɗaya a maimaita matakin. Idan ciwon ya ƙi tafiya bayan jifa 15 na farko, a tsaya, a huta kwana biyu, a koma mataki ɗaya baya. Komawa gasa wata 12 zuwa 18 ne. Tarkon yana wajen wata na shida zuwa na takwas, lokacin da hannu ke jin garau alhali sabuwar jijiyar ba ta gama kama ƙashi ba.

Kusan huɗu cikin biyar na ƙwararru suna dawowa. Na biyar ɗin ba a cika jin labarinsa ba. Tiyatar ba ta ƙara gudu, jinyar shekara guda ce ke ƙarfafa jikin da a da aka yi sakaci da shi, don haka yi wa lafiyayyen yaro ita wauta ce. Sabuwar jijiyar ma tana tsinkewa, kamar yadda mai jifa ɗan Japan Shohei Ohtani ya koma ƙarƙashin wuƙa a 2023 bayan ta 2018, kuma ga yawancin masu jifa sakamakon tiyata ta biyu ba ya kai na ta farko.

Kafaɗa ta fi gwiwa wuyar sha'ani nesa ba kusa ba, domin dole ta kasance sakakkiya kuma riƙaƙƙiya a lokaci guda, ɗinki kuwa yana ƙanƙance ta. Brandon Webb ya karɓi kyautar Cy Young, wadda ake ba gwarzon mai jifa, a 2006, ya yi wasan buɗe kaka a 2009, kafaɗa ta lalace, shi ke nan. Mark Prior ya ci 18 a 2003, wasansa na ƙarshe a MLB a 2006 ne yana ɗan 25. Shi ya sa likitoci ke fara ba gashi wata uku ko fiye kafin a taɓa kafaɗa da wuƙa.

Takardu da kuɗi

A MLB mai jifa yana shiga jerin masu jinya na kwana 15 ko na 60, albashinsa yana tafiya, kwanakin aikinsa suna ƙirguwa. Kwana 172 ne shekarar aiki, kwana 43 suna buɗe ƙofar fansho, shekara goma ke cika shi, shekara shida kuma ke ba mutum 'yancin zaɓar ƙungiya. Wanda ya ji rauni yana ƙaramar gasa ba ya tara waɗannan kwanaki, abin da ke sa matasa ɓoye ciwo har sai an kira su sama. Ɓoyewar tana mayar da hutun mako shida jinyar wata 14. A kai rahoton ciwo a rubuce a ranar da ya faru, a ajiye kwafin kowane hoto da rahoton likita. Kwantiragin babbar gasa tabbatacce ne ko hannu ya mutu: Stephen Strasburg ya sa hannu a kan dala miliyan 245 na shekara bakwai bayan ƙungiyarsa ta ci kofin MLB na 2019, wasa takwas kawai ya yi bayan nan, galibi saboda matsewar jijiyoyi tsakanin wuya da kafaɗa, ya yi ritaya a 2024. Matashin da aka yi wa tayin dogon kwantiragi tun kafin shekara shidan nan ya auna shi da wannan ido, ko da kuɗin bai kai abin da yake hange ba.

Shekarar jinya kuma lokaci ne na ƙarasa karatu ko koyon aikin koci da nazarin bidiyo. Prior ya zama kocin masu jifa na Dodgers. Smoky Joe Wood, wanda ya ci 34 a 1912 kafin hannunsa ya lalace, ya koma mai tsaron bayan fili a Cleveland, daga baya ya horar da ƙungiyar Jami'ar Yale na tsawon shekara 20.